Tarihin Martin Luther King: Kwana Biyar Da Soja Suka Yi Masa Rakiya

Yau a filinmu na tarihin manyan mutane za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba rayuwar Dokta Martin Luther King, limamin Kirista baƙar fata, wanda aka haifa cikin 1929 aka kuma harbe shi cikin 1968 yana da shekara 39 kacal a duniya. Galibin mutane sun fi saninsa da laccar nan da ya yi a birnin Washington. To, amma mu inda za mu fi tsayawa shi ne kan wasu kwanaki biyar na watan Maris na 1965, sa'ad da wannan mutum, wanda ya hana mabiyansa riƙe ko da sanda, ya tilasta wa Gwamnatin Tarayyar Amurka ta fito da sojanta, har da 'yan sandan soja bataliya biyu, don su tsare talakawan da hukumar jiharsu ta farfasa wa kai mako biyu kafin nan.

ASALINSA

An haife shi ran 15 ga Janairu, 1929, a birnin Atlanta na Jihar Georgia, cikin Kudancin Amurka. Ubansa shi ne limamin majami'ar Ebenezer, kakansa na wajen uwa ma ita ya riƙe kafin uban. Sunan yanka na yaron Michael ne. Bayan da uban ya ziyarci Jamus cikin 1934 sai ya sake wa kansa da ɗansa suna, suka koma Martin Luther. Gidansu akwai rufin asiri, amma rufin asiri bai fid da baƙar fata daga dokar wariya ba. A jihohin Kudu na wancan zamani makaranta daban, asibiti daban, wurin shan ruwa daban, har maƙabarta ma daban.

Cikin 1944 abubuwa biyu suka same shi waɗanda bai manta da su ba. Na farko, yana dawowa daga gasar iya magana shi da malamarsa, sai direban bas ya tashe su daga kujera don Turawa su zauna, suka yi tafiyar wajen mil 90 a tsaye. Na biyu, da damina ta kama ya tafi ci rani can Arewa, ya yi ƙodago a gonar taba a Jihar Connecticut. A can ya ga baƙi da fari suna cin abinci ɗaki ɗaya, suna ibada majami'a ɗaya. Amma da jirgin ƙasa ya kawo shi Washington a hanyar komowa gida, sai aka mai da shi taragon baƙaƙe. Ga ƙasa ɗaya, ga tsarin mulki ɗaya, amma darajar mutum tana canzawa da zarar ya tsallake iyakar jiha.

A shekarar ce ya shiga Kwalejin Morehouse yana ɗan shekara 15. Ya gama cikin 1948, ya wuce makarantar koyon aikin limanci ta Crozer a Pennsylvania, sa'an nan Jami'ar Boston, inda ya sami digirin dokta cikin 1955. A Boston ya gamu da Coretta Scott, 'yar wani ƙauye kusa da garin Marion a Alabama, suka yi aure cikin 1953. A riƙe sunan Marion, za mu komo kansa.

WA ZAI TSARE TALAKA?

Kafin mu ci gaba ya kamata mai karatu ya gane yadda sha'anin tsaro yake a Amurka, don nan ne gizo ke saƙa. Kusan kowace gunduma tana da nata 'yan doka, kuma galibi zaɓen shugabansu ake yi da ƙuri'a. Kowace jiha tana da nata 'yan sanda a ƙarƙashin Gwamna. Har ila yau kowace jiha tana da nata dakaru, watau mutanen gari masu sana'o'insu waɗanda ake koya wa aikin soja, a kira su in ta ɓaci. Su ma Gwamna ke ba su umarni, sai dai doka ta ba Shugaban Ƙasa ikon ya karɓe su daga hannunsa in jihar ta gaza ko ta ƙi bin doka. Gwamnatin Tarayya kuwa tana da sojanta na sosai, da dogaran kotunanta, da 'yan sandan ciki da ake kira FBI.

To, a Kudu na wancan zamani galibi baƙar fata ba ya jefa ƙuri'a. Saboda haka bai zaɓi shugaban 'yan doka ba, bai zaɓi Gwamna ba, ba a kuma sa shi cikin masu taya alƙali yanke hukunci. In aka zalunce shi, wanda zai kai wa ƙara sau da yawa shi ne ya zalunce shi.

King ya ɗanɗana wannan tun farkon aikinsa. Cikin 1954 ya zama limamin majami'ar titin Dexter a Montgomery, babban birnin Alabama. Ran 1 ga Disamba, 1955, aka kama Rosa Parks don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera, baƙaƙen garin suka ƙaurace wa shiga bas, suka naɗa King shugaba yana da shekara 26. Ran 30 ga Janairu, 1956, aka jefa bom a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah Ya kiyaye. Mutane suka taru da makamai za su rama, ya fito ya lallashe su suka koma gida. Ya nemi lasin riƙe bindiga, hukuma ta hana shi. Daga baya ma shi da kansa ya kawar da makami daga gidansa. An yi kwana 381 ana tafiya a ƙasa kafin hukuncin Kotun Ƙoli ya rushe wariya cikin bas. Cikin alƙalan tarayya da suka fara yanke wannan hukunci akwai wani matashi ɗan Alabama, Frank Johnson. Shi ma a riƙe sunansa.

Daga nan sunan King ya game duniya. Cikin Maris na 1957 ya halarci bikin 'yancin kan Gana a Akara. Cikin 1959 ya tafi Indiya don ƙara fahimtar hanyar Mahatma Gandhi ta gwagwarmaya ba da makami ba. Cikin Nuwamba na 1960 kuma ya zo nan Legas, ya halarci bikin rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Dabarar King ba ta da wuyar faɗi, aikata ta ne wuya. Talakawa za su fito da rana tsaka, hannu sake, su nemi haƙƙin da tsarin mulki ya riga ya ba su. In hukumar gari ta far musu a gaban 'yan jarida, to, Gwamnatin Tarayya ba ta da sauran wurin ɓuya, dole ta zaɓi gefe. Ya kuwa ga alamar haka tana yiwuwa. Cikin 1957 Gwamnan Arkansas ya sa dakarun jiha suka tare yara baƙaƙe tara a ƙofar makaranta a Little Rock, Shugaba Eisenhower ya aika da sojan laima suka shigar da su. Cikin 1962 aka yi tarzoma a Jami'ar Mississippi kan ɗalibi ɗaya tak, James Meredith, mutum biyu suka mutu, sai da Shugaba Kennedy ya aika da soja, har da 'yan sandan soja, suka yi watanni suna gadinsa.

Shi kansa King ya kwana cikin irin wannan hali. Daren 21 ga Mayu, 1961, dubban Turawa suka kewaye wata majami'a a Montgomery, shi da mutum fiye da dubu suna ciki, dogaran kotun tarayya 'yan kaɗan ne ke tsaron ƙofa. Daga ɗakin ƙasa ya yi ta buga waya ga Ministan Shari'a Robert Kennedy. Can da dare Gwamna ya aiko da dakarun jiha a ƙarƙashin Janar Henry Graham. Suka kori masu tarzoma, amma kuma suka hana na ciki fita sai wajen asuba, har mutane suka rasa gane ko tsaron su ake yi ko tsare su.

Cikin 1963 aka yi gwagwarmayar Birmingham, inda aka saki karnuka da ruwan kwana-kwana kan 'yan makaranta. Cikin Agusta na shekarar mutum wajen 250,000 suka taru a Washington. Ran 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar hana wariya a wuraren jama'a, cikin Disamba kuma aka ba King lambar Nobel ta zaman lafiya yana da shekara 35. Amma fa ƙuri'a tana nan a kulle.

SELMA

Selma ita ce hedkwatar gundumar Dallas a Alabama. Baƙaƙe sun fi rabin mutanen gundumar, waɗanda suka isa zaɓe cikinsu sun kai wajen 15,000, amma masu rajista ba su kai 400 ba. Kwana biyu kawai cikin wata ake buɗe ofishin rajista, in an buɗe kuma a yi wa mutum jarrabawa kan tsarin mulki wadda lauya ma sai ya yi gumi. Wanda ya nace sai a kore shi daga aiki ko a tashe shi daga gonar da yake haya. A gundumar Lowndes da ke maƙwabtaka, inda cikin kowane mutum biyar huɗu baƙaƙe ne, ko mutum ɗaya ba shi da rajista a farkon 1965.

Mutanen garin da 'yan ƙungiyar ɗalibai sun daɗe suna fama kafin King ya iso ran 2 ga Janairu, 1965. Shugaban 'yan dokan gundumar, Jim Clark, ya yi ta kamun mutane ɗari ɗari, har da malaman makaranta da ɗalibansu ya tare a ƙofar kotu. Ran 1 ga Fabrairu aka kulle King kansa. Daren 18 ga Fabrairu, a Marion, garin surukan King, 'yan sandan jiha suka far wa masu jerin gwano cikin duhu. Wani saurayi mai shekara 26, Jimmie Lee Jackson, ya yi ƙoƙarin kare uwarsa da kakansa, ɗan sanda ya harbe shi a ciki. Bayan kwana takwas ya cika. Mutuwarsa ce ta sa aka yanke shawarar a taka a ƙasa tun daga Selma har fadar Gwamna George Wallace a Montgomery, tafiyar mil 54, watau wajen kilomita 87.

Ran Lahadi 7 ga Maris, King yana majami'arsa a Atlanta, mutum wajen 600 suka tashi, John Lewis da Hosea Williams suna gaba. Da suka hau gadar Edmund Pettus da ke kan kogin Alabama, sai suka hangi 'yan sandan jiha sun tare hanya, ga mutanen Clark a kan dawaki. Aka ba su minti biyu su watse, kafin minti biyun su cika aka auka musu da kulake da bulala da barkonon tsohuwa. Aka fasa wa Lewis ƙoƙon kai, aka doke wata dattijuwa, Amelia Boynton, har ta suma. Mutum fiye da hamsin suka ji rauni. Da dare gidan talabijin na ABC ya katse fim ɗin da yake nunawa kan shari'ar 'yan Nazi, ya nuna wa Amurkawa abin da ya faru a ƙasarsu.

King ya yi kira ga limamai na kowace ɗariƙa su zo Selma, suka kuwa zo. Amma ƙarar da lauyoyinsa suka shigar tana gaban Alƙali Frank Johnson, shi kuwa ya ce kada a taka sai ya saurari shari'a. Nan King ya shiga tsaka mai wuya. In ya karya umarnin kotun tarayya, ya ɓata da hukuma ɗaya tak da zai iya dogara da ita. In ya ƙi fita, mabiyansa su ce ya ji tsoro. Ran Talata 9 ga Maris ya ja mutum wajen 2,000 har gadar, suka durƙusa suka yi addu'a, sa'an nan ya juya da su. Samari da yawa suka fusata, wasu ma ba su ƙara yarda da shi ba. A daren nan wasu Turawa suka doki wani limami Bature da ya zo daga Boston, James Reeb, bayan kwana biyu ya mutu.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ran 15 ga Maris Shugaba Johnson ya tsaya gaban Majalisa ya nemi a yi dokar ƙuri'a. Ran 17 ga Maris Alƙali Johnson, wanda ajinsu ɗaya da Gwamna Wallace a makarantar koyon aikin lauya, ya yanke hukunci cewa masu maci suna da 'yancin bin babbar hanya, gwargwadon girman zaluncin da suke kuka da shi, ya kuma umarci jihar ta tsare su. Wallace ya ce jiharsa ba ta da kuɗin wannan aiki, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyi. Ashe ya haƙa wa kansa rami. Ran 20 ga Maris Shugaban Ƙasa ya sa hannu kan takarda, ya karɓe dakarun Alabama wajen 1,800 daga hannun Gwamna. Ya ƙara da sojan tarayya, cikinsu har da 'yan sandan soja bataliya biyu, ta 503 daga barikin Fort Bragg da ta 720 daga barikin Fort Hood, irin waɗanda a barikokinmu aka sani da jar hula. Ya haɗa da dogaran kotu da jami'an FBI. Wanda aka ba riƙon rundunar kuwa shi ne Janar Henry Graham ɗin nan na daren majami'a, ɗan Alabama, wanda kuma cikin 1963 shi aka aika ya ce wa Wallace ya kauce daga ƙofar Jami'ar Alabama.

KWANA BIYAR A KAN HANYA

Ran Lahadi 21 ga Maris mutum wajen 3,200 suka tashi daga majami'ar Brown. A sahun gaba akwai King, da Dokta Ralph Bunche na Majalisar Ɗinkin Duniya, da malamin Yahudawa Abraham Heschel, da kakan Jimmie Lee Jackson, tsoho mai shekara 82. Suka hau gadar nan, suka sauka, ba wanda ya ɗaga musu kulki. 'Yan sandan soja cikin motocin jif, da haruffan MP a dantse, suna tare da ayari, suna tsare mahaɗar hanyoyi. Jiragen sama masu saukar ungulu suna shawagi suna duba dazuzzuka don 'yan kwanton ɓauna. Masu kwance bom suna gaba suna leƙa ƙarƙashin kowace gada da kwalbati. Wannan kuwa ba tsoron banza ba ne, gama a ranar aka tsinci bama-bamai a unguwannin baƙaƙe a Birmingham, soja suka kwance su.

Abin mamaki shi ne dakarun jihar. Turawa ne 'yan Alabama, maƙwabtan masu zagin nan da suka yi layi a bakin hanya, wasunsu ma da alamar tutar 'yan tawayen Kudu a jikin kakinsu. Ba wanda ya ce zuciyarsu ta sake cikin dare ɗaya. Abin da ya sake shi ne wanda ke ba su umarni. Jiya na Gwamna ne, yau na Shugaban Ƙasa, kuma ga sojan tarayya a gefensu suna gani.

Ranar farko aka yi mil bakwai, aka kwana a gonar wani manomi baƙar fata, David Hall. Inda hanya ta tsuke cikin gundumar Lowndes, alƙali ya ƙayyade mutum 300 kawai za su taka, saboda haka sauran aka mai da su Selma cikin motoci da jirgin ƙasa. Galibin ɗari ukun nan mutanen yankin ne waɗanda suka sha duka ko ɗauri. Cikinsu kuma har da wani Bature mai ƙafa ɗaya daga Michigan, Jim Letherer, wanda ya yi tafiyar da sanduna. Dare na biyu suka kwana a filin wata tsohuwa, Rosie Steele. Rana ta uku aka yini ana ruwa, suka kwana cikin taɓo a gonar Robert Gardner. Kowane dare soja na kewaye da zango. Waɗannan manoma da suka ba da masauki sun san sarai soja za su tafi, su kuwa suna nan. King ya taka har ƙafafunsa suka yi bororo, ya bar ayari kwana ɗaya don cika alkawarin wata lacca a Cleveland, sa'an nan ya komo.

Dare na huɗu suka sauka a harabar St. Jude ta 'yan Katolika a bakin Montgomery, inda Harry Belafonte da Nina Simone da wasu mawaƙa suka yi musu wasa. Ran Alhamis 25 ga Maris mutane suka ƙaru har wajen 25,000. An sami labarin za a harbi King, saboda haka mataimakinsa Andrew Young ya jera limamai masu kwat irin tasa a sahun gaba don a rikita maharbi. Suka bi ta titin Dexter, suka wuce tsohuwar majami'arsa, suka tsaya gaban fadar gwamnati, inda aka rantsar da shugaban 'yan tawayen Kudu cikin 1861. King ya yi jawabi daga kan wata babbar mota. Wallace bai fito ya karɓi takardar kukansu ba a ranar. Amma cikin kwana biyar ɗin nan ba a kashe ko mutum ɗaya daga cikin ayarin ba.

DA SOJA SUKA JUYA BAYA

Taro ya watse, soja suka fara naɗe kayansu. A daren nan wata Baturiya mai 'ya'ya biyar, Viola Liuzzo, mai shekara 39, wadda ta tuƙo motarta tun daga Detroit don ta taimaka, ta sauke wasu masu maci a Selma, ta juyo za ta ɗauko wasu, tare da wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 19. A kan hanyar nan da aka yi kwana biyar ana gadi, cikin gundumar Lowndes, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan su huɗu suka bi ta a mota suka harbe ta. Saurayin ya tsira don ya kwanta kamar matacce. Kashegari aka kama su, dalili kuwa ɗaya daga cikinsu ɗan rahoton FBI ne. Kotun jiha, inda masu taya alƙali duk Turawa ne, ta sallami wanda aka gurfanar. Sai a kotun tarayya, gaban Alƙali Frank Johnson, aka ɗaure uku shekara goma goma cikin Disamba na 1965.

Abin da ya dawwama daga tafiyar nan shi ne doka. Ran 6 ga Agusta, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu kan Dokar Ƙuri'a, wadda ta dakatar da jarrabawar nan, ta kuma ba Gwamnatin Tarayya ikon aika nata ma'aikatan rajista. A Alabama baƙaƙe masu rajista suka tashi daga wajen kashi 19 cikin ɗari zuwa fiye da kashi 50 cikin 1967. Cikin 1966 Jim Clark ya faɗi zaɓe. A Lowndes masu gonaki sun kori iyalai da yawa don sun yi rajista, har suka zauna cikin tantuna, amma cikin 1970 baƙar fata, John Hulett, ya zama shugaban 'yan dokan gundumar. Ɗan sandan da ya harbi Jimmie Lee Jackson kuwa sai cikin 2010 ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata shida.

King bai ƙara samun irin rakiyar Selma ba. Ita Gwamnatin Tarayyar ma fuska biyu gare ta: tun 1963 FBI ke sauraron wayarsa a ɓoye, har cikin 1964 suka aika masa da wasiƙar barazana ba suna. Cikin Yuni na 1966 'yan sandan Mississippi suka watsa wa ayarinsa barkonon tsohuwa a garin Canton, ba a aiko da soja ba. Cikin Agusta na shekarar aka jefe shi da dutse a ka a Chicago, watau a Arewar da yake ganin ta fi. Ran 4 ga Afrilu, 1967, ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam, daga nan tsakaninsa da Shugaba Johnson ta ɓaci ƙwarai.

Cikin 1968 ya tafi Memphis don goyon bayan leburorin shara wajen 1,300 da ke yajin aiki. Jerin gwanon 28 ga Maris ya rikice, aka kashe yaro ɗan shekara 16, Gwamnan Tennessee ya cika gari da dakaru don hana fita. Ran 4 ga Afrilu, da misalin ƙarfe shida na yamma, King yana tsaye a barandar masaukin Lorraine aka harbe shi. An kama James Earl Ray a filin jirgin saman Landan, ya amsa laifi, aka yanke masa shekara 99, ko da yake daga baya ya janye amsar. Tarzoma ta tashi a garuruwa fiye da ɗari, dubban soja suka fito a Washington. Ran 9 ga Afrilu aka ɗauki gawarsa a Atlanta kan keken da alfadarai biyu ke ja, irin na talakawan manoma. Cikin 1983 aka yi dokar keɓe ranar hutu don tunawa da shi. Cikin 2013 kuwa Kotun Ƙoli ta soke wani muhimmin sashe na Dokar Ƙuri'ar, abin da ya sake ta da gardama a ƙasar.

To, 'yan'uwa mazauna kurmi, ku da kuke neman abinci nesa da gida kun fi kowa sanin darajar hukumar da ba ta tambayar mutum garinsu kafin ta tsare shi. Mutanen Selma ba su nemi alfarma ba, haƙƙinsu na 'yan ƙasa suka nema, ta hanyar kotu, da haƙuri, da haɗin kai, ba tare da sun ɗauki makami ba. Soja sun raka su kwana biyar, amma rajistar da suka yi ce ta ba su ikon zaɓen wanda zai riƙe kulki a garinsu. Saboda haka duk inda zama ya kai mutum, ya san dokar wurin, ya zauna lafiya da maƙwabta, kada kuma ya yi sakaci da rajistarsa da ƙuri'arsa. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.